BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai)



Ranar da kwamitin shirya wannan taro ya aiko mini da takarda cewa in yi magana a kan yadda mai sana'a zai rabu da jinkiri, sai da na yi dariya ni kaɗai a ofis. Waɗanda muka kwana ɗaki ɗaya da su a wannan makaranta sun san dalili. Ni ne wanda ba ya buɗe littafi sai jarrabawa saura kwana biyu, sa'an nan in kwana da tocila a ƙarƙashin bargo. To, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka ku ba ni aron kunnuwanku in ba ku labarin abin da "sai gobe" ta jawo mini.

Bayan na gama jami'a da bautar ƙasa, na kama aikin gwamnati. Ban daɗe ba na gane abin da kowane ma'aikaci a nan ya sani, wato albashi ba ya kai mutum ƙarshen wata. Kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, amma ya bar masa ƙofar noma a buɗe. Don haka a 2018 na ƙudura zan fara kiwon kaji. Fili akwai a bayan gidanmu. Kuɗi kuma na shiga adashi, na kwashe, na zuba a banki.

Daga nan sai boko ya motsa. Na sayi babban littafi na rubuta tsari, na yi lissafin riba har na shekara biyar. Na karanta abin da ya sawwaƙa, na tambayi duk wanda na ji yana kiwo. Da damina in ce sanyi zai kashe 'yan tsaki, da bazara in ce zafi ya yi yawa, da kaka in ce a bari a biya kuɗin makarantar yara. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce ina kan shiri. A wannan tsakanin wani abokinmu da muka gama tare, wanda bai je jami'a ba, ya fara da 'yan tsaki hamsin a zauren gidansu. Na je na gani, har na ba shi shawara daga cikin littafina!

Shekara biyar kuɗin nan suna kwance. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni na shekarar aka bar kasuwa ta yanke darajar naira, kafin watan Fabrairun 2024 ya ƙare dala ɗaya ta haura naira 1,500. Kwanon rufi, waya, abincin kaji, kome ya tashi. Da na ɗauko littafina na sake lissafi, sai na tarar kuɗin da a da za su gina ɗaki su ciyar da kaji 500, da ƙyar za su ɗauki 200. Ba ɓarawo ya shiga mini ba, ba gobara na yi ba. Zama kawai na yi.

Haushin wannan ne ya sa na fara. Amma hali zanen dutse. Likitan dabbobi ya rubuta mini ranakun rigakafi, ya ja kunnena musamman a kan cutar Gumboro, wadda ake ba da rigakafinta a ruwan sha tun 'yan tsaki suna cikin mako na biyu. Ranar ta faɗo Talata, ina da aiki a ofis, na ce sai Asabar. Asabar ta zo da ɗaurin aure. Wadda ta biyo ta zo da ta'aziyya. A mako na huɗu maiɗakina ta tashe ni da asuba, ta ce, "Maigida, zo ka ga kajinka." Na tarar sun takure, gashi ya tashi, suna farin zawo. Ita wannan cuta in ta shiga ba ta da magani, sai dai lallaɓawa. Cikin kwana biyar na binne kaji 70 da hannuna. Rigakafin da na yi wa jinkiri kuwa bai kai kuɗin kaza biyu ba.

A bakin ramin nan na gane inda cutar tawa ta samo asali. Mu ma'aikata mun saba da wurin da jinkiri ba ya cizon mai yinsa. In fayil ya kwana wata guda a kan teburina, wanda ya kawo shi ne zai sha wahala, ni kuwa albashina zai shigo. A sana'a babu wannan rufin asiri, wanda ya ja ƙafa shi zai biya. Malaminmu na aikin gona, wanda nake hange a zaune a can, ya sha gaya mana haka lokacin da ya raba wa kowa kunyarsa a gonar makaranta. Ranka ya daɗe, sai yanzu na ji karatun.

Ga abubuwa huɗu da nake yi tun daga ranar.

Na ɗaya, daga baya nake fara lissafi. Kajin nama suna isa sayarwa cikin mako shida zuwa takwas. In kasuwar Sallah nake nufi, sai in ƙirgo baya daga ranar Sallah in san ranar da 'yan tsaki za su shigo, in sake ƙirgowa in san ranar da zan biya kuɗinsu da ranar wanke ɗaki. Aikin da ba shi da rana bai shiga sahun ayyuka ba tukuna.

Na biyu, ina ɗaure kaina da kuɗi da kuma kunya. Da zarar na yanke shawara sai in ba da kafin alƙalami. Ranakun rigakafi kuma na rubuta su da gawayi a bangon ɗakin kaji, na ba maiɗakina izinin ta hana ni karin kumallo in ranar ta zo ban yi ba. Sau ɗaya ta taɓa yin amfani da wannan izini, ya kuwa wadatar.

Na uku, na daina jiran in fara da girma. Abokinmu mai 'yan tsaki hamsin ya yi kurakuransa tun suna da araha. Yau a wurinsa nake sayen abincin kaji, shi ne kuma yake ba ni shawara.

Na huɗu, aikin da raina ya fi ƙi shi nake fara yi, kafin in tafi ofis. A wurina shi ne zuwa karɓar bashi. Na lura yawancin abin da nake ɗagawa tsoronsa nake ji, ko tsoron asara, ko kunyar a ce mai digiri yana kwasar kashin kaji.

Na san wani zai ce ai wani jinkirin alheri ne. Haka ne, amma wannan magana ta jinkirin da ya zo wa mutum ne bayan ya yi nasa ƙoƙarin. Wanda mutum ya ƙirƙira da hannunsa sunansa kasala.

'Yan'uwa, mafi yawanmu mun ba talatin baya. Na tabbata akwai masu irin littafin nan nawa a ƙarƙashin katifa. Roƙona shi ne, kafin mu watse yau, kowa ya gaya wa na kusa da shi abu ɗaya da zai fara da kuma ranar farawa. In Allah ya kai mu taron baɗi, sai mu tambayi juna.