Albashi ya ƙaru, tukunya ta ragu: jawabi ga 'yan uwa na Fagge da Sabon Gari

 

Yau ba maganar takara na kawo ba. Maganar albashi ce, kuma da Wapa zan fara, tunda a nan Fagge muke, ba sai an koya wa kowa lissafin dala ba.

A 1981, zamanin Shagari, mafi ƙarancin albashi Naira 125 ne. A lokacin Naira ta fi dala ƙarfi, don haka kuɗin nan ya kai kusan dala 200. A 2011 aka mayar da shi N18,000, wato dala ɗari da 'yan kai. A 2019 ya koma N30,000. A watan Yulin 2024 aka sa hannu kan N70,000, gwamnatin Kano ta ce ita N71,000 za ta biya. Aka yi ta tafi. To ɗauki dubu saba'in ɗin nan ka kai wa ɗan canji a lokacin da dala ta haura N1,500. Ko dala 50 ba zai ba ka ba. Lambobi na hawa, abin da ke shiga tukunya na sauka.

Wa abin ya fi dauka? Talaka tuntuni yana cikin wuya, wannan ba sabon labari ba ne. Wanda ya faɗo yanzu shi ne na tsakiya: malamin makaranta, nas, akawun ofis, ma'aikacin ƙaramar hukuma. Da, mutumin nan ƙarshen wata zai shiga Singa ya ɗauko buhun shinkafa da katan ɗin taliya, ya biya Kwari ya yanko wa uwargida atamfa, har ya aika wa tsohuwa wani abu a ƙauye. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin Adaidaita kaɗai ya cinye kaso mai yawa na albashinsa. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, buhun shinkafa ɗaya ya fi ƙarfin mafi ƙarancin albashi. Mai sayen buhu ya koma kwano, mai kwano ya koma gwangwani. Kuma shi ba ya iya roƙo, kunya ba za ta bar shi ba. Sai dai ka ga ya sayar da mota, ya ce wai gyara take yawan ci.

'Yan kasuwa, kada ku ce wannan matsalar ma'aikata ce. Albashinsu ne cinikinku. In aljihun malami ya bushe, mai tebur a kasuwar Sabon Gari shi zai wuni yana korar ƙuda, littafin bashinsa na ƙara kauri. Masu manyan sito da ke da dala a hannu, su kam tashin farashi riba ya zame musu.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba. Dokar albashin ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ke nan yaron shago a Kwari, da malamar ƙaramar makarantar kuɗi, da mai gadi, ko wannan saba'in ɗin ba su da hurumin nema. Wasunmu da ke zaune a nan mu ne iyayen gidansu. Ni ma ban cire kaina ba.

Dokar 2024 ta ce duk bayan shekara uku za a sake duba albashi, wato 2027 ke nan, shekarar zaɓe. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, namu ne ko na wasu, ku tambaye shi nawa zai biya, kuma me ya tanada wa waɗanda doka ta tsallake. Kafin nan, ina roƙon shugabanninmu na mazaɓu su zauna da shugabannin kasuwa a kan abin da ake ba yaran shago, a kawo mana bayani a zama na gaba.