Dajin Rugu da Ruwan Rijiyoyinmu



Ni mutumin ƙasar Safana ne, ta wajen Runka. A yau in aka ambaci Dajin Rugu ba abin da ke faɗo wa mutum a rai sai 'yan bindiga, har na sha jin masu ilmi suna cewa a sare shi kowa ya huta. Kafin a wasa gatari, ya kamata mu dubi aikin da dajin nan yake yi wa rijiyoyinmu.

Ruwan shekara a wajenmu cikin wata huɗu yake sauka, galibi da ƙarfi. Inda akwai itatuwa, rassa ke fara tare shi, busasshen ganyen da ke ƙasa ya rage masa gudu, kana ya bi hanyoyin saiwa da ramukan gara ya nutse. Watau ruwan da ya nutse a watan Agusta shi ne iyayenmu mata ke ja da guga a watan Afrilu.

Sai dai aikin ya danganta da irin ƙasa. A jigawa rairayi kan sha ruwa da kansa. Aikin sabara da kalgo a can shi ne hana iska kwashe ƙasar. Inda abin ya fi tsanani shi ne gindin duwatsu, kamar na Ruma a ƙasar Batsari, inda ƙasar ba ta da zurfi. Da zarar an sare marke da ƙirya don gawayi, ba a daɗewa wurin zai zama faƙo. Ruwa ba ya shiga, sai ya kwaranye ya yanka kwazazzabo, ya kwashi yashi ya binne fadamu, ya zuba sauran a gulbin Bunsuru.

Kada kuma in yaudare ku, itace ma yana sha. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka buga a 2016, ya nuna ruwa ya fi isa ƙarƙashin ƙasa inda itatuwa suke tsaka-tsaki, fiye da fili fayau ko kurmi mai duhu. Shi ya sa nake shakkar masu cika fadama da itacen turare. Ni gawo na fi so, don yakan zubar da ganyensa da damina ya bar wa gero haske.

Maƙwabtanmu na Maraɗi, tun farin 1984, sun koma barin tohon kututture a gonakinsu, suna rage masa rassa har ya zama itace. Ba sayen dashe, ba ban ruwa. Ku da za a tura ofisoshin gona da na gandun daji a Batsari da Safana, tsallaka iyaka kawai za ku yi ku gani da idonku.