Godiya Kafin Shinkafa: Abin da Kirsimeti Biyu Suka Koya wa Gidanmu

(Jawabin da wani dattijon ikilisiya ya gabatar a taron iyalai na ƙarshen shekara)

   

An roƙe ni in yi magana a kan iyalin Kirista da godiya a lokacin bukukuwa. Da takardar gayyata ta iso, uwargidana ta karanta, ta dube ni ta ce, "Baban yara, in gaskiya za ka faɗa, ka je. In kuwa wa'azi za ka yi wa mutane, ka bar wa fasto." Saboda haka ba wa'azi na kawo ba, shaida ce. Na tara iyalina mu shida muka zauna, kowa ya faɗi abin da ya tuna, suka kuma ba ni izini in faɗa a gabanku. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kirsimetin bashi

A ƙauyenmu gidajen masu bi goma sha ɗaya ne kawai. Sauran jama'a maƙwabtanmu ne Musulmi, waɗansunsu ma danginmu ne na jini. Ku da kuke zaune a irin wannan wuri kun san wani tunani da yakan shigo zuciya in Disamba ta kama: kada a ce Kirista matalauta ne, kada a ce bikinsu bai kai ba. Mun ga yadda unguwa take cika da sabbin kaya ranar Salla, mu ma muna so a ga namu. Wannan tunani ne ya kama ni a shekarar 2022.

A shekarar Ubangiji ya ba mu masara da dawa daidai gwargwado, abin da zai kai mu sabuwar kaka in mun lallaɓa. Amma na ce sai an yi anko ga gida duka, sai an sayi buhun shinkafa, sai an yanka akuya, sai kowane yaro ya sa sabon takalmi. Na kai buhu huɗu na masara kasuwa a farkon Disamba. Kowane manomi a nan ya san abin da wannan yake nufi. Lokacin kaka hatsi ba ya da daraja, domin kowa yana kawowa kasuwa, masu kuɗi kuma suna saye suna ajiyewa. Hatsin nan da ka sayar da araha a Disamba shi ne za ka dawo ka saya da tsada a watan Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Na san wannan tun ina yaro, amma na rufe ido. Kuɗin bai isa ba, sai na ranci ƙari a hannun wani ɗan'uwa a cikin ikilisiya.

Biki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. An ci, an sha, an ɗauki hoto. Kwana biyu ne, 25 da 26 ga wata, suka wuce kamar walƙiya.

Sai Janairu ta zo da kuɗin makaranta. A farkon 2023 ne kuma aka shiga wahalar canjin kuɗi, takardar naira ta yi wuyar samu a ko'ina. Ɗanmu na biyu ya yi mako uku a gida saboda ban biya masa ba. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, komai ya bi shi. Da damina ta faɗi ban iya sayen takin zamani yadda na saba ba, masara ta fito ja-ja, ba ƙarfi. A watan Agusta, ni da na sayar da buhu, na koma ina awo da mudu. Ba na ɗora wa kowa laifi. Wahalar ƙasa ta same mu duka, amma ni na buɗe mata ƙofa da hannuna. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Abin da ya fi yunwa ciwo shi ne abin da bashin ya yi wa zumuncina. Ɗan'uwan nan bai taɓa tambayata ba ko sau ɗaya, amma ni na fara guje masa. In ya zauna gaba a majami'a, sai in zauna baya. Na daina zuwa addu'ar maza ta safiyar Asabar. Ni dattijo, mai rarraba gurasa a ranar Jibin Ubangiji, na kasa haɗa ido da wanda nake miƙa wa. Littafin Karin Magana 22:7 ya kwatanta mai cin bashi da bawa. Na karanta wannan aya sau da yawa, amma a shekarar ce na gane ta.

Ranar godiyar kaka

Da Lahadin godiya ta matso a watan Nuwamba 2023, na ce wa uwargidana ba zan je ba. A da da buhu nake shiga, yara suna biye da ni, mata suna guɗa. A shekarar kuwa abin da zan iya cirewa bai wuce kwano biyu na dawa ba. Ta ce mini, "Maigida, da can Allah kake kai wa buhun, ko masu guɗa?" Ban amsa ba, domin ba ni da amsa.

Da dare a wurin addu'ar iyali ta buɗe Maimaitawar Shari'a sura 26. A wurin an umarci Ba'isra'ile ya sa nunan fari na gonarsa a kwando ya kai gaban Ubangiji. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne, ba a faɗi girman kwandon ba. Abin da aka tsara dalla-dalla shi ne maganar da mutumin zai yi: ya tuna kakansa baƙo ne mai yawo, ya tuna bautar Masar, ya tuna wanda ya fisshe su ya kawo su ƙasar. Ashe tunawa ita ce zuciyar godiya, kwandon shaidarta ne kawai.

Sai ta ce kowa ya faɗi abu ɗaya da Ubangiji ya yi masa a cikin shekarar. Na ɗauka za a yi shiru. Babbar 'yarmu ta ce ta warke daga zazzaɓin da ya kwantar da ita a damina. Ɗan da ya yi mako uku a gida ya ce duk da haka ya ci jarrabawa. Uwargidana ta ce ba daren da muka kwana ba mu sa komai a baki ba, ko da kunu ne. Autarmu ta tuna mana da darasin makarantar Lahadi a kan kutare goma da Yesu ya warkar a Luka sura 17, inda ɗaya ne kaɗai ya komo ya yi godiya, shi ma Basamariye. Ta ce ita dai ba ta so gidanmu ya shiga cikin taran nan. Ran Lahadi na ɗauki kwanona biyu na shiga layi. Bayan sujada na nemi ɗan'uwan da ya ba ni rance, na gaya masa halin da nake ciki. Ya ce ya fi jin zafin gudun da nake yi masa fiye da kuɗin. Muka tsara biya kaɗan-kaɗan, na gama a kakar 2024.

Kirsimetin kurciya biyu

A Kirsimetin 2023 ba mu yi anko ba. An wanke tsofaffin kaya aka goge. Uwargidana ta kama kaji biyu daga cikin nata, muka sayi tiya biyu ta shinkafa 'yar gida. Kamar yadda muka saba, muka kira maƙwabcinmu Musulmi ya yanka, domin kowa ya ci ba tare da shakka ba. Na so in ce bana kada a aika abinci ko'ina, don kunya. Ta ƙi. Ta nuna mini Nehemiya sura 8, inda aka ce wa jama'a a ranar murna su ci, su kuma aika wa waɗanda ba su da abin da aka shirya musu. Yara suka zaga gida bakwai da ƙananan kwanoni. Ba wanda ya auna yawan naman. Da yamma maƙwabta suka shigo yi mana barka kamar kowace shekara, yadda mu ma muke shiga nasu ranar Salla. Abin kunyar da na ji tsoro, a kaina kaɗai yake.

A cikin makon ne muka karanta Luka sura 2 har ƙarshe, ba mu tsaya a wurin makiyaya ba. Bayan kwana 40 da haihuwar Yesu, Yusufu da Maryamu sun kai shi Haikali, hadayar da aka ambata kuwa ita ce kurciya biyu ko 'yan tattabaru biyu. In kun duba Littafin Firistoci 12:8, za ku ga wannan ita ce hadayar da Shari'a ta yarda wa macen da ba ta da halin ɗan rago. 'Yan'uwa, iyalin da Allah ya zaɓa ya danƙa musu Ɗansa, hadayar talaka suka kai, ba su kuma ci bashi don su sayi rago a gan su ba. To, ni wane ne da zan ji kunyar kaji biyu?

Mu kuma tuna, Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Almasihu ba. Shaida mafi daɗewa ta kiyaye 25 ga Disamba daga birnin Roma ta fito, a shekara ta 336. Har yau 'yan'uwanmu Kibɗawa na Masar da ikilisiyar Otodoks ta Habasha a ranar 7 ga Janairu suke yin nasu bikin. Biki abu ne mai kyau, amma anko da buhun shinkafa al'adarmu ce, ba umarnin Ubangiji ba ne.

Akwai abu ɗaya mai nauyi da ba zan tsallake ba. A wannan Kirsimeti ɗin ne labari ya iso mana cewa an kai hari ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a Jihar Filato, aka kashe mutum fiye da 100. Babban ɗanmu ya tambaye ni, "Baba, in mun ce mun gode Allah ya tsare mu, su fa? Bai ƙaunace su ba ne?" Na yi shiru na ɗan lokaci. Abin da na iya gaya masa shi ne, godiyar mai bi ba taƙama ba ce cewa mun fi wani. Ba mu fi su adalci ba, ba mu fi su addu'a ba. Annabi Habakuk, a ƙarshen littafinsa, ya ƙudura yin murna da Ubangiji ko da gona ta ƙi, garke ya ƙare. Manzo Bulus kuma yana tsare ne sa'ad da ya rubuta wa Filibiyawa a kan farin ciki da wadar zuci. Tushen godiyarmu shi ne Allah ya shigo cikin wahalarmu da kansa, ya kuma yi nasara da mutuwa. Wanda ya tsira, an bar shi ne domin ya yi kuka tare da masu kuka, ya kuma miƙa hannu. A daren muka yi musu addu'a, da aka yi baiko na musamman kuma muka sa abin da muke da shi.

Shawarata gare mu

Na farko, iyaye maza, kafin mu kai hatsi kasuwa a Disamba, mu zauna da matanmu mu ƙidaya buhunan da za su kai mu Satumba, mu ware kuɗin makarantar Janairu. Abin da ya ragu shi ne na biki. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Na biyu, iyayenmu mata na zumunta da shugabannin matasa, ina roƙonku da girmamawa, ku duba batun anko. In za a yi, a zaɓi mai sauƙin kuɗi, kada kuma a hana kowa tsayawa cikin mawaƙa don bai saya ba. Na san gwauruwar da ta ƙi zuwa sujadar Kirsimeti saboda wannan.

Na uku, 'yan'uwana dattawa, a ranar godiya mu daina kiran suna da yawan abin da mutum ya kawo. Mai buhu da mai kwano su bi layi ɗaya. Daga cikin hatsin da aka tara kuma, a fara cire rabon gwauraye da marayu da waɗanda suka gudo daga garuruwansu, a kai musu kafin ranar 25.

Na huɗu, kowane gida ya keɓe dare ɗaya kafin sabuwar shekara, a kashe rediyo, a ajiye waya, kowa har ƙaramin yaro ya faɗi abin da Ubangiji ya yi masa. A rubuta a littafi. Mu tun 2023 muke yi, in damina ta yi tsanani mukan buɗe mu karanta.

In akwai wanda yake zaune a nan yana gudun ɗan'uwansa saboda bashi, kamar yadda na yi, kada ya bari shekara ta ƙare bai same shi ba. In kuma kai ne mai bin bashin, ka sauƙaƙa masa hanyar zuwa wurinka.

Ubangiji ya ba mu zuciyar Basamariyen nan da ya komo. Ya ta'azantar da waɗanda za su yi bikin bana babu wani nasu, ya ba ƙasarmu salama, ya kai mu sabuwar shekara lafiya, cikin sunan Yesu. Amin.