Darasi Daga Rayuwar Jen Welter: Jawabin Taron Shekara

 

A tsawon shekarun da muka yi muna karantarwa, mun sha ganin yarinya mai hazaƙa a filin wasa, sai a cire ta don gudun kada karatunta ya lalace. Labarin wata Ba'amurkiya, Jen Welter, ya isa ya sa mu sake tunani.

An haife ta a shekarar 1977 a jihar Filorida. A jami'ar Boston College ta buga ƙwallon zari-ruga, daga nan ta koma ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ita ma ake rungumar ƙwallo a ruga da ita. Duk da tsawonta bai wuce ƙafa 5 da inci 2 ba, ta ci lambar zinariya ta duniya tare da tawagar matan ƙasarta a 2010 da 2013. A 2014 ta buga wa ƙungiyar maza ta Texas Revolution. A 2015 ƙungiyar Arizona Cardinals ta ɗauke ta horar da 'yan wasa lokacin share fagen kakar wasa, ta zama mace ta farko da ta yi wannan aiki a gasar NFL.

Abin lura shi ne, tana cikin wasan nan ta kammala digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam. Ashe wasa bai hana karatu ba.

Saboda haka muna roƙon wannan ƙungiya, idan an zo kasafin gyaran makarantunmu na gida, a ware wa 'yan mata filin motsa jiki mai katanga, da malama mai kula da su.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka. Wassalam.