Abin Da Ke Ɓata Kiɗan Ganga A Bakin Makirfo



An nemi mu yi bayani a kan wahalar da sabon shiga yake sha idan ya tashi ɗaukar kiɗan ganga a gida. Wataƙila wani ya ce wannan ƙaramar magana ce. To, amma mu tuna tsofaffin makaɗan da suka san taken sarakunan Kabi da na Gwandu kullum raguwa suke yi, kuma sau da yawa ɗalibin da ya sami tsoho a zaurensa a Argungu ko Birnin Kebbi ba zai sake samun wannan dama ba. In ɗaukar ta lalace, abin da tsohon ya sani yana iya tafiya tare da shi.

Babban laifin da ake ɗora wa makirfo shi ne fashewar sauti, watau a kunna a ji kamar ana yaga buhu. Alhali kuwa yawanci ba laifinsa ba ne. Ganga ba kamar muryar mutum take ba. Bugunta yakan faɗo ne farat ɗaya da ƙarfi, har ya wuce abin da rikoda za ta iya ɗauka. Sautin da ya fashe kuwa babu kwamfutar da za ta mai da shi daidai. Saboda haka kafin a fara, sai a roƙi makaɗi ya yi bugunsa mafi ƙarfi, a rage ƙarfin ɗauka har ma'auni ya daina taɓa ja, sa'an nan a ƙara ragewa kaɗan, domin makaɗi in kiɗa ya ratsa shi hannunsa ƙara nauyi yake yi. In duk da haka bai gyaru ba, a ja da makirfo baya. A fili, duk lokacin da aka ninka nisa, ƙarfin sauti yakan ragu da kimanin desibel 6.

Kalangu shi ya fi cutuwa da wannan. Duk wanda ya saurari Mamman Shata ya san kalangu magana yake yi: makaɗi yana matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka, kamar yadda karin harshen Hausa yake hawa da sauka. In an cusa makirfo a bakin fata, bugun kawai za a ji, maganar ta ɓace. Kamu biyu zuwa uku daga gefen makaɗi yakan wadatar. Kotso irin na Narambaɗa, da yake da hannu ake kaɗa shi, ya fi haƙuri da kusanci.

Sai kuma ɗaki. Ɗakin siminti mai rufin kwano maƙiyin ganga ne, gama sauti yana dukan bango ya komo, ya haɗu da na bayansa, kiɗa ya dagule. Zauren ƙasa mai rufin azara ya fi shi nesa ba kusa ba. Inda babu, a shimfiɗa tabarmi, a jingina katifa a bango, a rataya barguna. Kada kuma a ajiye makirfo a kan teburin da ke girgiza.

Akwai wani gurnani da ake ji a ƙarƙashin kiɗa. Wannan na wutar lantarki ne, wadda a Nijeriya take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. A cire caja, a koma kan batir, a nisanta igiyar makirfo daga ta wuta, a kashe fanka. In kuwa makirfo ya yi gum, a fara duba igiya. Wani nau'insa ma ba ya motsi sai an ba shi wuta mai ƙarfin bolt 48 daga rikoda. Wayar hannu tana da nata hali: takan rage ƙarfi da kanta in ganga ta buga, ta ƙara in an yi shiru, har muryar mawaƙi ta riƙa nitso tana tasowa. A kashe mata wannan tsari in da hali.

Masu makirfo biyu su yi hattara. In sauti ya riski ɗaya kafin ɗaya, sukan cinye wa juna kauri, ganga ta koma kamar gwangwani. A bar tsakaninsu nisa ninki 3 na tsakanin kowanne da gangarsa, ko a haƙura da guda ɗaya.

Wanda kuma ya ƙware a gida har yana sha'awar fita bakin Matan Fada, inda makaɗa ke bin masunta cikin jiragen ruwa a bikin kamun kifin da aka soma a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016, to, can iska ce abokiyar gabarsa. Ya rufa wa makirfo soso, ya juya wa iska baya, ya sa abin saurare a kunne tun daga bugun farko. Kafin duk wannan, ya gaida makaɗi, ya nemi izninsa, ya faɗi sunansa da sunan taken da ranar a farkon ɗauka.