KOWA YA GYARA GARUN DA KE ƘOFAR GIDANSA

 A wannan biki na cika shekara 50 muna so mu ɗauki darasi ɗaya daga al'ummar Yahudawa.

Wajen shekara ta 445 kafin haihuwar Almasihu, Nehemiya ya bar fadar Sarki Artashate na Farisa ya zo Urushalima, ya tarar garun birnin a rushe, ƙofofinsa a ƙone. Cikin kwana 52 aka gama ginin. Ta yaya? Sura ta 3 ta littafinsa ta lissafta ma'aikatan da sunayensu. Eliyashib babban firist da 'yan'uwansa sun gina Ƙofar Tumaki. Maƙeran zinariya da masu yin turare sun bar sana'arsu sun kama aikin gini. Shallum ya yi aiki tare da 'ya'yansa mata. Waɗansu kuma sun gyara daidai wurin da ke gaban gidajensu. Amma manyan mutanen Tekowa sun ƙi sa hannu, har yau kuwa ana karanta ƙin nasu.

Yahudawa ba su yar da wannan hali ba. A majami'unsu akwai addu'o'in da ba a yi sai manya goma sun hallara. In tara sun zo, na goma yana kwance a gida, tara ɗin nan sai jira. Yaro kuwa da ya kai shekara 13, alhakin kiyaye shari'a ya koma wuyansa.

'Yan'uwa, mu mutanen Kiyawa mun san gayya. Mun kuma san mai zuwa gayya don fura, fartanyarsa na rataye a kafaɗa. Sau nawa muke cewa, "Ai fasto zai yi, ai kwamiti zai yi"? Mara lafiya yana jiran gaisuwa, gwauruwa tana jiran hatsi, yaranmu suna fita ci-rani Dutse da Kano ba mai bin sawunsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Iyayenmu sun gina nasu yankin, yawancinsu sun huta. Kafin mu watse yau, kowa ya tambayi kansa: ina nawa yankin? Gobe da safe ya fara.

Allah ya ba mu ƙarfin yi. Amin.