Romon Kafin Zaɓe, Bashin Bayan Zaɓe

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Agege)

 

An ce in yi magana kan yadda zaɓe yake juya akalar kuɗin gwamnati. A taƙaice, idan zaɓe ya gabato gwamnati takan saki bakin aljihu, bayan an rantsar da wanda ya ci kuma sai a dawo kan talaka a karɓa.

Mu ɗauki man fetur, tunda shi ne ke yanka kuɗin motar da ke kawo mana shanu da albasa da tumatir daga Arewa. A kasafin 2011, shekarar zaɓe, an ware naira biliyan 245 don tallafin mai, amma binciken Majalisar Wakilai ya nuna abin da aka kashe ya haura tiriliyan 2. Ranar 1 ga Janairu 2012 gwamnatin Jonathan ta janye tallafin, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Sai da aka yi yajin aiki da gangami a Ojota da Kano kafin aka tsaya a 97. A Janairun 2015, zaɓe na ƙaratowa, aka sauko da ita zuwa 87, kodayake ɗanyen mai ya faɗi a kasuwar duniya a lokacin. A Mayun 2016 gwamnatin Buhari ta mayar da ita 145. A farkon 2022 ta ɗage cire tallafin, aka ci gaba da cin bashi, sai ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Cikin kwanaki lita ta doshi naira 500 a nan Legas.

Wasunmu sun karɓi rancen naira 10,000 na TraderMoni a 2018, watanni kaɗan kafin zaɓen 2019. A Fabrairun 2020 harajin kayan masarufi, wato VAT, ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ba Nijeriya kaɗai ba ce. 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi da Nima sun shaida yadda giɓin kasafin Gana ya riƙa faɗaɗa a shekarun zaɓe, 2008 da 2012 da 2016. A ƙarshen 2022 ƙasar ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, kuma a 2023 ta karɓi rancen dala biliyan 3 daga IMF.

To ina haƙƙinmu a ciki? Jama'a, muna biyan kuɗin rumfa, da tikitin kasuwa, da haraji kan abin da muka saya. Kuɗin da ake rabawa gabanin zaɓe namu ne. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama duk inda ya ga dama, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Saboda haka mazaunin Agege yana da bakin tambayar ƙaramar hukuma abin da ta ware wa unguwarsa.

Ina roƙon abu uku. Na farko, duk mai katin zaɓe na gida wanda ba ya iya tafiya ranar zaɓe, ya je ofishin INEC a dawo masa da shi nan. Na biyu, idan ɗan takara ya zo, kada a tsaya ga buhun shinkafa da atamfa; a nemi magudanar ruwa, da ajujuwa, da magani a asibitin unguwa, a kuma tambaye shi ko aikin yana cikin kasafi. Na uku, sakataren ƙungiya ya rubuta kowane alkawari da ranarsa, mu bi sawu bayan shekara guda.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum.